Jirgin da Ya Tafi Ba Ni

Da na gama karatu a Alƙahira ban koma gida ba. Na sami aiki a wani ƙaramin ofishin shirya tafiye-tafiye a unguwar Dokki, hawa na biyu, saman wani shagon tabarau. Aikina shi ne mutanenmu: masu zuwa ganin likita, masu neman tikitin Umara, 'yan kasuwar da ba sa jin Larabci. In tarbe su, in yi musu tafinta, in raka su inda za su. Mai ofishin wani Bamisire ne mai ƙiba da saurin dariya, wanda ke kirana "ya ustaz" ko da shayi zai aike ni in karɓo.

A shekarata ta uku a wurin, ofishin ya fara tallar wani yawon shaƙatawa na jirgin ruwa a gaɓar Norway. A can teku ba ya tsayawa a bakin ƙasa kamar yadda muka saba gani a Iskandariyya. Kutsawa yake yi cikin ƙasa ta wasu dogayen lunguna, dutse ta dama dutse ta hagu, waɗanda su suke kira fiyod. Jirgin kuwa ya kai girman unguwa guda, sai ya riƙa bin lungunan nan a hankali, fasinja suna tsaye a samansa suna kallo. Ni na mayar da takardar tallar Hausa saboda alhazanmu masu hali, har na kusa haddace ta.

Wata safiya mai ofishin ya kira ni, ya ce masu jirgin sun ba mu gurbi biyu don mu gani da idonmu, mu san abin da muke tallatawa. Ya zaɓi abokin aikina mai kula da tikiti, ya kuma zaɓe ni. Kwana takwas, ƙarshen watan Yuni.

Ban jira biza ta fito ba. Kafin la'asar ta ranar na gaya wa ɗaliban da muke zama gida ɗaya, na kira mahaifiyata a Nijeriya na gaya mata, na kuma gaya wa yarinyar da nake nema. Ita 'yar Hausawan Sudan ce, tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar yara a unguwar Arba wa Nus, inda take zaune da mahaifiyarta da kawunta. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, kawun ne ya riƙe su. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, yanar ido ta kusa rufe masa gani gaba ɗaya. Iyakacin abin da na sani game da shi, ya taso a Port Sudan. Duk zuwana gaisuwa ce ke haɗa mu, ya sa mini albarka, in wuce.

Saura kwana shida tafiya aka dawo mini da fasfona babu biza. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a Masar, ta kusa ƙarewa, kuma wata da watanni nake cewa gobe zan je in sabunta.

Mai ofishin ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, ba komai ya ustaz, baɗi in sha Allahu. Hutun kuma na riga na ba ka, je ka huta kawai."

Na sauko ƙasa na tsaya a inuwar shagon tabarau, na kira yarinyar da niyyar in gaya mata. Wallahi da niyyar na kira. Amma tana ɗauka, kafin in buɗe baki, ta ce, "Malam, yanzu nake shirin kiranka. Umma ta soya maka nama ta busar, ta ce ba a san irin abincin da za su ba ka ba. Jiya ma matan layinmu da suka zo karatu sai da ta sa suka yi maka addu'ar shiga teku."

Na ce, "Madalla. Allah ya saka mata."

"Muryarka ta yi wani iri. Lafiya?"

"Lafiya lau. Gajiya ce."

Daga nan abin ya fara. Na riƙa cewa da yamma zan faɗa, da yamma ta yi na ce da safe. Kowace rana sai wani ya ƙara mini abin da zai sa faɗar ta yi nauyi. Wani ɗalibi ya ara mini jaka. Mahaifiyata ta kira ta ce ta gaya wa 'yan'uwanta duka. Ranar tafiya na wayi gari da jaka a ɗaure, ɗalibai huɗu suka sauko da ni har bakin titi suka tare mini tasi. Na hana su raka ni filin jirgi, na ce kada su rasa darasi. Da muka sha kwana muka ɓace musu, na ce wa direban ya juya, Wustul Balad za mu, wato tsakiyar birni. Ya kalle ni ta madubi, ya kalli jakar, ya juya motar.

Na kama ɗaki a wani tsohon masauki mai araha, hawa na shida, lif ɗinsu ya daɗe da mutuwa. Tagar ɗakin bangon wani gini take kallo, ba a ganin komai sai bututun ruwa da tantabaru. Fankar sama tana juyawa tana kuka, iska mai zafi kawai take juyowa. A nan na yi kwana takwas.

Abokin aikina yana turo hotuna a zauren wayar da muke da shi na ofis. Ni kuma sai in zaɓi waɗanda babu mutum a ciki in tura mata, in tura wa ɗalibai, in kashe waya. Na riga na gaya wa kowa cewa sabis ba ya kamawa sosai a teku. Ina zaune a bakin gado daga ni sai singileti, gumi yana bin bayana, ina kallon duwatsu masu dusar ƙanƙara a kai, da ruwa kore shar, da wasu jajayen gidajen katako a gindin dutse. In na kunna waya sai in tarar da saƙonta: "Ka sa rigar sanyi kuwa?" Ko kuma: "Kawu yana ta tambayarka, ban taɓa ganin ya damu da tafiyar wani haka ba." Wannan saƙon ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Ba na fita sai yunwa ta matsa mini, in sayo koshari, wato haɗin shinkafa da taliya, a roba in dawo da sauri, kaina a ƙasa, domin Wustul Balad ba ta rabo da mutanenmu masu zuwa canji. Naman da Umma ta soya na cinye shi a kwana uku, kuma kowace loma sai na ji kamar sata nake yi. Ranar Juma'a na tsallake manyan masallatai, na nemi wani ƙarami a cikin lungu. A rana ta shida na je kasuwar gwanjo na zaɓi wata rigar sanyi mai kauri, mai zanen fari da shuɗi, da wani mayafin ulu, na kai aka wanke aka goge. Tsarabar Kawu da Umma ke nan.

Da kwanakin suka cika na ɗauki jakata na koma gida. Ɗalibai suka yi mini caa da tambaya, na ba su labari, na ga ya shiga. Har na fara jin cewa abin ya wuce, na sha.

Juma'ar da ta biyo baya aka gayyace ni cin abincin rana a Arba wa Nus. Na sauka daga ƙaramar bas ɗin haya na bi lungunan da na saba bi, da leda a hannu. Ina shiga na ga abin da ban zata ba. An share falo, an shimfiɗa sabuwar tabarma, Kawu yana zaune cikin farar jallabiya da rawani kamar ranar Idi. Ya gayyato maƙwabtansa biyu, dattawa kamarsa. Da na durƙusa gaishe shi ya kama hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Sannu da hanya, ɗana. Sannu da teku. Zauna nan kusa da ni."

Aka kawo kisra, siririyar gurasar Sudan, da miya, muka ci. Ita da Umma suna daga bakin ƙofar ɗaki suna saurare. Na miƙa tsaraba. Kawu ya shafa rigar da tafin hannu, ya kai ta hanci ya shinshina, ya ajiye a cinyarsa. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "To Malam, ba mu labari."

Na gyara zama na fara. Na ba su girman jirgin, da benayensa, da wurin cin abinci. Na ba su yadda yake shiga tsakanin duwatsu kamar zai goge su, da ruwan da ke zubowa daga can sama fari fat. Duk daga hotuna ne da takardar talla, amma bakina ya saba, ban yi gargada ba. Kawu yana ta gyaɗa kai, yana murmushi, wani lokaci leɓensa na motsi kamar mai bin karatu.

Can ya ce, "Haka ne. Wallahi haka ne. Har yanzu akwai gidan nan da ke maƙale a tsakiyar dutse, wanda ba ka ganin hanyar hawa?"

Na tsaya. Na ce, "Kawu, ka san wurin ne?"

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba. "Shekara goma sha ɗaya na yi a jirgin ruwa, ɗana. Na fara da na kaya daga Port Sudan, na ƙare a na fasinja. Bazara uku a jere muna bin lungunan nan. A kicin nake, ferar dankali da wankin tukwane. Tun da na sauka ban sake haɗuwa da wanda ya taka wurin ba sai kai."

Na waiga wajen ƙofa, na ga tana murmushi, tana jin daɗin yadda kawunta ya sake. A lokacin nan da na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ban je ba," da an ji kunya an gama. Ban ce ba. Na ce, "Gidan yana nan, na gan shi."

"Allahu akbar. Jiniyar fa? Sun busa muku a tsakiyar duwatsu?"

"Sun busa."

"Ka ji yadda take dawowa?"

"Na ji. Kamar ana amsawa."

Ya buga cinyarsa don murna. Ganin na tsallake biyu, sai na sami ƙarfin gwiwa, bakina ya riga hankalina. Na ce abin da ya fi burge ni shi ne bayan an yi isha'i, in hau can saman jirgi in zauna, duhu ya rufe duwatsu, taurari sun cika sama kamar a ƙauyenmu, har hasken su yana kwanciya a kan ruwa.

Murmushin Kawu bai tafi lokaci guda ba, a hankali ya riƙa janyewa. Ya juyo da fuskarsa wajena, da idanun nan nasa masu fari-fari.

"A wane wata kuka je?"

"Makon jiya muka dawo, Kawu."

"Kun hau arewa sosai?"

"Har can ƙarshe."

"To," in ji shi.

A wannan "to" ɗin na tuna. A takardar da ni da kaina na fassara an rubuta cewa a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can arewa, a kudancin ƙasar ma duhu ba ya kankama. Kuma ba a takardar talla kaɗai na san haka ba. A aji na uku a jami'a mun karanta hukuncin salla da azumi a ƙasashen da shafaƙi ba ya ɓacewa, har na amsa tambaya a kai a jarrabawa. Babu wani tauraro da mutum zai gani a can a ƙarshen Yuni.

Na jira ya tona ni. Dattawan nan biyu ba su lura da komai ba, ɗaya ma cewa yake, "Ikon Allah, taurari a kan ruwa." Kawu ya ninke rigar sanyin ya ajiye a gefe, ya ce wa Umma, "Kawo mana jabana, baƙonmu ya gaji da magana." Aka kawo kofin Sudan ɗin nan mai citta a 'yar tukunyarsa ta ƙasa. Daga nan ya karɓe hirar, ya mayar da ita kan tsadar haya da wani maƙwabci da ba shi da lafiya. Bai sake yi mini tambaya ko ɗaya ba. Da na tashi tafiya ya sa mini albarka kamar kullum, da hannu ɗaya.

Yarinyar ta rako ni har bakin lungu. Ta ce, "Ka ga yadda Kawu ya ji daɗi? Tun da aka ce za ka je yake ƙirga kwanaki. Ni ma ban san ya je can ba sai da ka tafi."

Na ce mata kaina ke ciwo, na hau mota.

Kwana uku ina zuwa ofis ina dawowa kamar marar lafiya. Abokin aikina ya dawo da labarai, kowa yana kewaye da teburinsa, ni kuwa ko kallon wajen ba na iya yi. Ranar Talata da safe na ce wa mai ofishin zan raka wani asibiti, na nufi Arba wa Nus. Na zaɓi lokacin da na san tana makaranta.

Na sami Kawu a tsakar gida a kan gadon igiya, yana jan carbi. Umma ta fita cefane. Na yi sallama, na cire takalmi, na tsuguna a ƙasa gabansa.

"Kai ne, ɗana? Da safiyar nan?"

"Ni ne, Kawu." Sannan na ce, "Kawu, ban je ba. Ba a ba ni biza ba. Duk abin da na faɗa ranar Juma'a ƙarya ne."

"Na sani."

"Na san ka sani."

Ya ci gaba da jan carbinsa. "To a ina ka yi kwanakin?"

"A wani masauki a Wustul Balad."

"Da zafin nan?" Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, gajera, ya haɗiye ta. "Rigar fa?"

"Gwanjo ce."

"Na ji ƙanshin sabulun Masar a jikinta. Na ce wataƙila a jaka ta ɗauka."

Na rasa inda zan sa fuskata, duk da na san ba ya ganina sosai. Na fara kawo dalilai, yadda na riga na gaya wa mutane, yadda Umma ta soya nama. Ya ɗaga hannu, na yi shiru.

"Bar wannan. Kai yaro ne, ka ji kunyar abin da ba abin kunya ba, ka je ka ɗauko na gaske. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Ni abin da ya yi mini ciwo daban ne. Tashi ka zauna a nan, gwiwarka za ta gaji."

Na zauna a bakin gadon. Ya ce bazara ta biyu da ya yi a wancan jirgi, azumi ya same su a can. Musulmi biyu ne kaɗai a kicin ɗin, shi da wani mutumin Indunusiya da ba sa jin yaren juna sai da hannu. Ranar farko suka ɗauki azumi suna jiran rana ta faɗi. Suka gama aikin rana, suka gama na yamma, suka wanke tukwane, rana tana nan. Akwai wata ƙaramar ƙofa a bayan kicin inda suke fitar da shara, nan suka je suka tsaya suna kallonta. Ta sauko har ta kusa taɓa ruwa, ta yi ja, ta tsaya, sannan ta fara komawa sama.

"Na ji tsoro, ɗana. Ba wanda ya taɓa gaya mini akwai irin wannan wuri a duniya. Abokina ya zauna a kan bokiti yana kuka."

Ya ce daga ƙarshe shawara suka yanke tsakaninsu. Yana da agogon hannu da bai taɓa canza wa lokaci ba tun daga Port Sudan, suka ce ai Makka tana tsallaken ruwa daga can, lokacinsu kusan ɗaya ne. Suka riƙa bin agogon. In ya nuna magariba su sha ruwa, rana tana sama tsaka-tsaki tana kallonsu. Su yi isha'i da haske, su yi asuba da haske. Haka suka yi wata guda.

Daga nan, ba tare da na tambaya ba, ya ba ni labarin wurin. Bai yi kama da abin da na faɗa ba ko kaɗan. Ya ce shi bai taɓa hawa saman jirgi ba, wurin fasinja ne. Duk abin da ya gani ta ƙofar sharar nan ya gani, daf da ruwa. Ya ce in jirgi ya shiga lungun sai a rage inji, ƙarar da ka saba ji kwana da kwanaki ta ɗauke, har ka ji kukan awaki daga kan dutse. Ruwan daga kusa ba kore ba ne, baƙi ne, ba ya motsi, in ka leƙa sai ka ga dutsen a kife a ciki. Iskar wurin tana da ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, kamar ka sa kai a cikin sabuwar randa. Akwai inda kyaftin ke matsawa da jirgi kusa da ruwan da ke zubowa, har feshinsa ya jiƙa maka fuska, shi kuma yana azumi, sai ya damƙe bakinsa. Ya ce wata rana ya ga wata tsohuwa a ɗan kwalekwale ita kaɗai, ta ɗaga masa hannu, shi da ke tsaye da bokitin ɓawon dankali, ba mutanen sama ba.

"Shekara arba'in ke nan ko fiye," in ji shi, "ban sani ba ko azumin nan ya karɓu. Na taɓa tambayar wani malami a garinmu, ya ce in daina zancen banza, babu inda rana ba ta faɗuwa. Ban sake tambayar kowa ba. Da aka ce za ka je, na ce alhamdu lillahi, ga mai karatu zai gani da idonsa, in ya dawo ba zai ce na ruɗe ba. Ranar Juma'a jira nake baƙi su tafi in tambaye ka."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce masa ban ga wurin ba, amma mas'alar mun karanta ta. Na gaya masa malamai sun yi magana a kan ƙasashen da rana ba ta faɗuwa, sun ce mutum ya ƙaddara lokaci, wasu suka ce ya bi gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabewa, wasu suka ce ya bi lokacin Makka. Na ce abin da suka yi da agogon nan yana cikin abin da aka faɗa.

"Ka tabbata? Ba don ka faranta mini ba?"

Tambayar ta soke ni, amma na san ni na jawo ta. Na ce, "Zan kawo littafin, in karanta maka, ka kuma sa wani ya sake karanta maka."

"To, ka kawo." Ya shafa fuskarsa. "Sai maganar yarinyar nan. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Kai za ka faɗa. Amma ka sani, ba zan ɗaura aure a kan wannan ba."

Na jira ta a ƙofar makarantarsu da aka tashi. Muka tsaya gefen wani mai sayar da lemo, na gaya mata duka, ban rage ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni sunan titin da masaukin yake, na faɗa.

Ta ce, "Ranar Larabar makon da kake can na bi ta titin nan, na je karɓo wa makaranta takardu. Ina tafe ina yi maka addu'a kada jirgi ya kife." Ta gyara mayafinta. "Malam, in biza ce ba a ba ka ba, mu da muka zo ƙasar nan a bayan mota, mu za ka ji wa kunya?"

Ta ce kada in kira ta, in ta shirya za ta neme ni. Sai da ta yi mako uku. A cikinsu na kai wa Kawu littafin, na karanta masa babin sau biyu, ya sa ɗaya daga cikin dattawan nan ya sake karanta masa a gabana. Na gaya wa ɗaliban gidanmu, wasu suka yi dariya har da faɗuwa, wanda ya ara mini jaka kuwa ya daɗe ba ya sakin fuska da ni. Mahaifiyata ce ta ƙarshe. Da na gaya mata a waya sai ta ce, "To ni yanzu me zan ce wa mutane?" Ban san me ta ce musu ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

An ɗaura aurenmu cikin hunturun shekarar, a wani ƙaramin masallaci a Arba wa Nus, bayan sallar la'asar. Kawu ne waliyyi. Da yake ba ni da dangi a Masar, wani dattijo daga cikin mutanensu ya tambaye shi a gaban jama'a, kamar yadda suka saba, me ya sani game da wanda zai ba 'yarsa. Ina zaune a sahu na biyu, na kasa kunne.

Kawu ya ce, "Mai karatu ne. Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana damuna, shi ya warware mini ita."

Jama'a suka ce ma sha Allah, wasu suka juyo suna kallona da girmamawa. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma, ban ɗago ba har aka shafa fatiha.